Wa Ke Sallama?

'Yar uwa, ki leƙa ƙarƙashin gadonki ko saman kabad, da wuya ki rasa jakar nan mai layi-layin ja da shuɗi da muke cusa zannuwa da kayan yara a ciki, wadda ake jibgewa tuli guda a kasuwar Sabon Gari. Gana-mas-go muke ce mata har muna dariya, alhali kuwa sunan nan cike yake da hawaye.

Ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shagari, ta bakin ministan harkokin cikin gida Alhaji Ali Baba, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar Nijeriya. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana, sauran kuma 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da Togo. Malaman makaranta ne da teloli da masu gyaran takalma da masu gadi, mata da goyo a baya da jakar nan a ka.

Ba zan ce gwamnati ba ta da abin faɗi ba. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci mutum sama da 4,000 a Kano, kuma Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito. Ga kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya. Duk matar da ke riƙe da gida ta san ba a barin ƙofa a buɗe da daddare, ta kuma san tukunyar mutum biyar ba ta ƙosar da ashirin. Birnin Zazzau kansa ai ganuwa gare shi, da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu, kuma ba don ado kakanni suka gina su ba. Saboda haka masu cewa a tsare iyaka ba mugaye ba ne, ni ma ina cikinsu.

To amma fa Bahaushe da ya tashi gina gida bai tsaya a katanga ba, sai da ya yi zaure. Ki duba hikimar zaure: ba cikin gida ba ne, ba kuma waje ba ne. Mutum ya yi sallama, a ce wa ke sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a aika yaro da kwanon ruwa, sai ya sha ya huta sannan a ji daga ina kuma me ke tafe da shi. Wani a shigar da shi ciki, wani ya kwana nan zauren, wani a sallame shi, wanda aka ga take-takensa ba su da kyau a kai shi gun mai unguwa. Kowa dai an dubi fuskarsa an ji ta bakinsa. Abin da ya dame ni da korar 1983 shi ne kuɗin goron da aka yi, ɓarawo da malamin lissafi duk aka haɗa su a kora guda, babu wanda aka tambaya komai.

Kuma kalmar baƙo ɗin nan wuƙa ce, ba ta san mai ita ba. A Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, aka jefa shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta ce ɗan Nijeriya ne sannan magana ta mutu. Kafin nan, a Nuwambar 1969, gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi mako biyu su ma, Hausawan zango na Kumasi da Ankara, jikokin fataken goro, da yawansu can aka yanke musu cibiya, suka dawo ƙasar da ba su taɓa gani ba. Mu nan Hanwa ma mu yi wa kanmu adalci. Sabon Gari Turawa suka yanka wa baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, Samaru kuwa gonar gwaji da jami'a suka cika ta. In yau aka ce kowa ya koma garin kakansa, gida nawa za a ga fitila a unguwar nan?

Sannan akwai baƙon da ya fi kowane nauyi a wuyanmu, wato wanda ba neman riba ya kawo shi ba, ransa ya gudo da shi. Matar da aka ƙone garinsu cikin dare, ina ta ga sukunin neman fasfo? Tun muna Islamiyya aka karanta mana yadda Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka don a miƙo su, Najjashi ya ce sai ya ji ta bakinsu tukuna, da ya ji kuma ya ƙi bada su. Sarki ne mai iyaka da dakaru, bai rushe iyakarsa ba, tambaya ya yi.

A Afrilun 1984 aka rufe iyakokinmu ana tsakiyar fari, hatsi ya daina ƙetarawa, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Allah mai juya lamari, daga 2019 sai ga matan Sabon Birni da Isa, da na wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina, dubbai a kan dubbai, suna tsallakawa jihar Maraɗi da ƙafa don gudun 'yan bindiga. Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji su suka fara saukar da su a ɗakunansu, suka raba ɗan geron rumbunsu da su, tun kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasunsu wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. A watan Agustan wannan shekara ta 2019 ɗin dai gwamnatinmu ta sake garƙame iyakar saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020.