Hannu Ɗaya Domin Jirgi, Hannu Ɗaya Domin Kanka

A birnin Bergen na ƙasar Norwe akwai wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai, sunansa Statsraad Lehmkuhl, wanda aka ƙera a shekara ta 1914. Tsawonsa mita 98, ginshiƙansa uku, filafilansa 22, kuma har yau ana koya wa mutane aikin teku a cikinsa. Irin waɗannan jirage sukan yi tsere a tekunan Turai tun 1956, sa'ad da aka fara daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon ta Fotugal. Dokar tseren ita ce, aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su zama matasa 'yan shekara 15 zuwa 25.

Matashin da ya shiga jirgin ba fasinja ba ne. Yakan kwana a gadon lilo da aka rataya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda bai taɓa gani ba. Ana raba su ƙungiya uku, kowace ta yi aikin awa huɗu ta huta takwas, dare da rana. Wani ya riƙe sitiyari, wani ya tsaya a goshin jirgi yana duban hanya, wani ya zaga yana lura ko wuta ta tashi. In iska ta yi ƙarfi, sai su hau tsanin igiya zuwa sama, su taka igiya guda da ke ƙarƙashin sandar da filafili yake rataye, su tattara shi su ɗaure, jirgin kuwa yana ta tangaɗi. A can ne ake koya musu tsohuwar maganar matuƙa: hannu ɗaya domin jirgi, hannu ɗaya domin kanka.

'Yan'uwa, wannan magana ta taɓa tambayar da ke damun masu bi da yawa: nawa ne rabon maƙwabcina a cikin raina, nawa ne kuma nawa? Duniya tana cewa so duka so ne, amma son kai ya fi. Mu kuwa an koya mana musun kai. Shin wanda ya keɓe hannu ɗaya domin kansa ya yi zunubi ke nan?

Mu dubi yara biyu a kan sandar nan. Na fari tsoro ya kama shi, ya rungume sanda da hannu biyu. Ba zai faɗi ba, amma filafilin da ke gabansa yana nan a sake, na kusa da shi kuma sai ya yi aikin mutum biyu. Na biyu kuwa mai himma ne, ya saki hannu biyu yana jan filafili. Ko da yake ana ɗaura musu ɗamara mai ƙugiya, in ya sulluɓe, aiki ya tsaya cak, kowa ya koma ceton mutum guda. Ashe mai son kai da mai sakaci da kansa, dukansu kaya ne a wuyan jama'a.

Ayyukan Manzanni sura 27 ta nuna mana duka biyun a dare ɗaya. Manzo Bulus yana cikin jirgi da hadiri ya yi ta kora har kwana goma sha huɗu, mutum 276 a ciki. Matuƙan suka saukar da ƙaramin kwalekwale don su gudu su bar sauran. Bulus ya faɗakar da jarumin soja, sojoji suka yanke igiyoyin, kwalekwalen ya tafi. Wannan hukunci ne a kan hannu biyu domin kai. Amma da gari ya kusa wayewa, shi Bulus ɗin nan ya roƙe su su ci abinci, gama sun daɗe ba su ci ba. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah, ya ci a gabansu. Sai bayan sun ƙoshi suka zubar da alkama a teku don jirgi ya rage nauyi, daga bisani dukansu suka kai tsibirin Malita da rai.

A ikkilisiya muna da masu hannu biyu a sanda: suna zuwa sujada, amma ba sa ɗaukar nauyin kowa. Waɗannan muna yawan yi musu wa'azi. Waɗanda muke mantawa da su su ne na biyun, domin gajiyarsu tana yi mana amfani: matar zumunta da ke dafa abincin kowane biki da kowace makoki tana ɓoye ciwonta, ko dattijon da ke sulhunta gidajen mutane alhali 'ya'yansa ba sa ganinsa. Muna yaba musu har ranar da za su faɗi, sa'an nan mu yi mamaki.

Wani zai ce: ai Ubangijinmu hannu biyu ya miƙa a kan gicciye. Gaskiya ne, kuma akwai ranar da Allah yakan kira bawansa ya ba da kome. Amma shi ne Mai Ceto, ba mu ba. Shi ne kuma, a Markus sura 6, ya janye almajiransa su huta sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci. Sau da yawa abin da muke kira sadaukarwa girman kai ne, wato zaton cewa in ba mu, jirgin Allah zai nutse.

Ku lura kuma da abin da hannun nan na biyu yake riƙewa. Yaron ba rigarsa yake kamawa ba, jirgin yake kamawa. Haka hannun da mai bi ya keɓe domin kansa: addu'a ce, da Maganar Allah, da hutu, da iyali, da yarda wani ya taimake shi. Da shi yake manne wa Almasihu, domin ɗayan ya sami ƙarfin aiki.

Ya Ubangiji, ka buɗe hannun da tsoro ya ƙulle, ka maido da hannun da ya sake ka, ka kai mu gaci tare. Amin.