Shin Ana Karɓar Gaskiya Daga Bakin Ɗan Gurguzu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, a Tasawa, nan maƙwabtanmu, aka haifi Abdu Mumuni Joffo a shekarar 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Sanagal, ya wuce Faransa ya ƙware a ilimin fiziya, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, jam'iyyar da ta nemi ƴancin kai nan take bisa tafarkin gurguzu. Ya koyar a Konakiri, ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana, daga 1969, sannan ya riƙe jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, jami'ar kuma ta ɗauki sunansa a 1992.

A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nuna cewa lakwal ɗin Nasara an gina ta ne domin samar da akawu da tafinta, kuma tutar 1960 ba ta canza ta ba. A ganinsa, ƙasar da ƴaƴanta ke koyon lissafi da harshen da iyayensu mata ba su ji, ba ta mallaki kanta ba tukuna. Ya nemi a koyar da harsunan gida, a haɗa karatu da aikin hannu.

To, akwai cikinmu masu cewa kada a saurari mutumin da ya sha daga rijiyar Markis. Muna fahimtar tsoronsu, domin wannan mazhaba ta mai da dukiya da gwagwarmayar aji tushen kome, alhali mu mun yi imani mulki na Allah ne, abin da ke hannun jama'a da shugabanni amana ce da za a tambaye su a kanta. A nan mun rabu da ita, rabuwa ta sarari. Abin da ke zuciyar mutumin kuwa, ba a ba mu ikon buɗe shi ba.

Sai dai malamanmu sun koya mana cewa ana auna magana da hujjarta kafin a dubi mai ita. In muka auna tasa, me muka samu? Shehu Usmanu da ƴarsa Nana Asma'u sun san Larabci fiye da mu, amma suka yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa domin makiyayi da matar da ke daka su gane. Ashe mun riga shi sanin wannan, muka yi sakaci. Kuma zarginsa bai tsaya ga lakwal ba, ya iso zaurenmu: almajiri nawa ne a Mayahi ya sauke, ya yi shekaru yana wanke allo, bai san ma'anar Fatihar da yake sallah da ita ba? Mu da muka bi madarasa, mun tuna yadda aka haddace mana nahawu, ba a taɓa tambayarmu ko mun gane ba.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna, amma doka ba ta rubuta littafin lissafi, ba ta horar da malami, kuma wajibi ne Bazabarme da Buzu da Babarbare su ga cewa ba a sauya wani danniya da wani ba.

Ga kuma rana. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, birane suka shiga duhu a ƙasar da wannan bawan Allah ya ƙera murhu da tukunyar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana tun shekarun 1970. Har yau matan Gulbin Kaba na tafiya mai nisa neman itace, allunan sola da ke kan masallatanmu kuwa daga waje aka sayo su.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.