HOTON SATA

Yau wata tambaya ce na kawo muku, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai shin idan mutum naka ne, fuskarsa ma taka ce?

Abin da ya jawo tambayar shi ne wani baƙo da muka yi a gidanmu da ke Kambarawa, cikin birnin Katsina. Daga Kumasi ya zo, ta ƙasar Gana, kuma sana'arsa ɗaukar hoto. Ya ce kakan kakansa daga unguwar nan ya tashi da ayarin fatake zuwa Gwanja, a zamanin da ake ɗora wa jakuna kanwa da fatu da tufafi, a yi watanni a hanya, a dawo da goro. Shi bai dawo ba. Ya yi aure a Salaga, babbar kasuwar goro ta lokacin, kuma da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 sai iyalinsa suka gangara kudu, daga baya suka zauna a zangon Kumasi. Abin da ya rage musu na gida bai wuce suna biyu ba, sunan unguwa da sunan wani ƙane da aka baro. Wannan ƙanen kuwa shi ne kakan Kakata.

Hausarsa ta ba mu dariya ƙwarai, don mace ma "ya zo" yake ce mata. Kayan aikinsa kuwa sun cika jaka guda: kyamarar Nikon mai nauyi kamar taɓarya, da idanu kala-kala da ake ɗaura mata, har da wani dogo da ke jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Kwana biyu yana yawo, ya ɗauki hasumiyar Gobarau, ya ɗauki Ƙofar Soro, ya ɗauki zaurenmu har da tsagar bangonsa. Amma da ya ɗaga kyamara wajen Kaka sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta ce, "Yaro, mi ka zo nema? In dangi ka zo nema ga tabarma. In kuwa kamannina ka zo ɗauka ka kai wa mutanen da ban sani ba, to sauka lafiya."

Ni kam haushi ya kama ni. Tsohuwa ta haura tamanin, ba mu da hotonta ko ɗaya in ban da na fasfo ɗin aikin Hajji. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ba ga dogon idon nan ba? Tsaya daga soro ka ɗauka, wallahi ba za ta sani ba." Ya yi jim, sannan ya bi shawarata. Hoton ya yi kyau, kai! Tana zaune bakin ɗaki tana jan carbi, hasken la'asar ya sauka a gefen fuskarta. Har ƙwalla na yi.

Da dare ya kira ni, ya goge shi a gabana. Na ce, "Haba Yaya!" Sai ya ce lokacin da ya koyi aiki da fim ake yi, hoto 36 kacal ne a naɗi ɗaya, dole ka yi tunani kafin ka danna. Yanzu kati guda yana cin dubbai, sai hannu ya riga zuciya. Ya ce, "Ƙanwata, na ƙetaro ƙasashe don a ce mini ɗan gida. Yaya zan fara da sata a gidan?"

Na kwana ina juya maganar. Hujjata ba ta banza ba ce, domin tsufa ba ya jira, kuma jikoki suna da haƙƙin sanin fuskar da suka fito daga gare ta. Amma da na dubi zuciyata da kyau sai na ga ban tambayi Kaka dalilinta ba. Na ɗauke ta kamar bangon zauren nan, abin tarihi da za a adana, alhali mutum ce mai rai, mai kunya, mai ikon cewa a'a. Son da nake yi mata shi na mayar lasisin yi mata abin da ta ƙi.

Ku duba mu yau da wayoyinmu. A je duba mai jego, kafin a yi barka an ɗauke ta ba ɗankwali. A je asibiti, a ɗauki mara lafiya bai san inda kansa yake ba, a watsa wai ana nema masa addu'a. Duk da sunan ƙauna muke yi, kuma na jikinmu muka fi yi wa, don mun san ba za su kai mu ƙara ba.

Baƙonmu ya ajiye kyamara a jaka, ya koma tabarma. Kwana bakwai yana shan fura a gabanta, tana warware masa dangi, wane ya haifi wane, wace aka kai Jibiya, wace ta rasu a gidan miji. Shi kuma yana ba ta labarin waɗanda ke can. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuma na ƙara da cewa har da zama.

Ranar da zai tafi, da hantsi, sai ga Kaka ta fito da zanen saƙinta na ƙasan adaka, ta sa kwalli. Ta ce, "Ina maigidan nawa? Zo ka ɗauka, ka kai musu su ga uwarsu." Kun ji fa, daga yaro ya koma maigida, irin wasan kaka da jika.

Allah ya yi mata rasuwa da damina ta zagayo. Hoton yana rataye a ɗakina, wani kuma yana Kumasi. Gaskiya bai kai na satar kyau ba, ta ƙame kamar mai jiran liman ya tayar da salla. Amma a cikinsa idonta yana kallonmu, da saninta, da yardarta.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki ɗaga waya a kan wani, ko da uwar da ta haife ki ce, ki buɗe baki ki tambaya. In an ce a'a, ki haƙura ki zauna. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace, amin.