Haƙƙin Gulbi a Kan Mai Gonar Fadama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Akwai tambayar da take damun mai gona a bakin Gulbin Maraɗi duk lokacin da aka yi maganar farfaɗo da fadama. Ana ce masa ya ja da baya daga gaɓa, ya bar wa ruwa da itace da tsuntsaye wani yanki na gonarsa. Shi kuwa yana da iyali, ga rumbu ba ya kai shi wata damina. Shin barin ƙasa mai albarka ga ciyawa da balbela ba almubazzaranci ba ne? Tambayar tana da nauyi, kuma bai kamata wanda cikinsa ya ƙoshi ya amsa ta da gaggawa ba.

Sai an fara sanin aikin da Allah Ya ɗora wa fadama. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Ba ya gudu sai da damina. Idan ya cika ya malala cikin fadama, ƙarfinsa yakan ragu, ya ajiye laka mai taki, sauran ruwan ya nutse ƙasa. Wannan ruwan da ya nutse shi ne masu lambu suke tararwa a rijiyoyinsu da rani. Cikin ciyawar da ruwa ya shanye ne tarwaɗa da karfasa suke hayayyafa, gaiwa kuma ta shige laka ta jira wata damina. Saiwar giyayya da bagaruwa da kanya ita ce take riƙe gaɓa. Idan aka sare su aka nome har bakin ruwa, gaɓa ta rufta, yashi ya cike hanyar gulbi, ruwa ya nemi wata hanya ta cikin gidajen mutane.

Mutanen Maraɗi sun san wannan tun kakanni. A 1945 ambaliya ta ci tsohon garin da yake cikin kwari, dole aka tayar da shi zuwa tudu. A 2020 kogin Kwara ya yi cikar da ta shanye unguwanni da gonakin shinkafa a Yamai. A 2024 kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Kowane abu da ƙaddarar Allah yake, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa bawa alhakin sababin da ya yi da hannunsa.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan harimi, wato filin da ake bari kewaye da rijiya ko kogi, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cutar da jama'a ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina don amfanin al'umma. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan tarayya. Ke nan takardar gona tana ba mutum haƙƙi a kan maƙwabcinsa, amma ba ta soke haƙƙin wanda yake ƙasa da shi a bakin gulbi, ko na makiyayin da yake neman mashaya.

Ma'abota tasawwufi suna da ƙarin kallo a kan wannan. Suratul Isra'i ta sanar cewa kowane abu yana tasbihi, ko da mutane ba su fahimta. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da Allah Ya yi wa faɗa saboda ya ƙone gidan tururuwa, domin al'umma ce mai tasbihi. Muridin da yake zama wazifa kullum ya san zafin a tarwatsa da'irar zikiri. To kurmin bakin gulbi ma da'ira ce, shamuwa da zalɓe da kwaɗi ne mazauna cikinta. A Madarunfa Allah Ya haɗa abubuwan a wuri guda: tafki, da gandun daji, da kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. Bai dace mai ziyara ya girmama waliyyan da suke kwance, ya kawar da kai daga tafkin da yashi yake cikewa a gabansu ba.

Duk da haka, yunwar mai gona gaskiya ce, kuma addini bai ɗora wa talaka nauyin da zai kashe shi ba. Amsa a nan kashi biyu ce. Na farko, ƙasar nan ta riga ta gwada cewa barin itace yana ƙara abinci. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma a gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa ba dasa su aka yi ba. Gero a gindin gawo shaida ne da kowane manomi ya sani. Abin da ya yiwu a jigawa zai yiwu a gaɓar gulbi. Na biyu, tunda amfanin fadama na kowa ne, bai halatta asararta ta faɗa kan mutum ɗaya ba. Idan ɗan'uwa ya bar kunyoyi goma ga gulbi, a kan 'yan zawiya ne su tallafe shi da iri, ko gayya, ko damin hatsi, har itacen ya fara biyansa. Mai wadata da ya fi kowa faɗin fadama shi ya kamata ya fara ja da baya.

A nan ne maganar ta koma ga tarbiyyar rai. Nafsi ba ta son ganin taki ɗaya na ƙasa da ba ta ci ba. Zuhudu kuwa shi ne mutum ya iya kamawa, ya saki saboda Allah. Kalmar faila da 'yan'uwa suke ambata, asalin ma'anarta malalar ruwa ce. Ruwa ba ya zama a tudu, kwari yake nema, haka nan faila take neman zuciya mai tawali'u. Wanda ya koyi bar wa gulbi gurbinsa ya samu darasi a kan yadda zai bar wa Ubangijinsa gurbi a zuciya.

Aikin ba ya buƙatar jiran kowa. Muƙaddami zai iya zama da mai gari da ma'aikatan gandun daji a shata iyakar gaɓa, a hana sarar ɗanyen itace a cikinta, a buɗe burtalin dabbobi zuwa mashaya, almajirai kuma su yi rainon dashe.

Allah Ya ba 'yan'uwa ikon riƙe amana, Ya kawo damina mai albarka, Ya tsare bayinSa daga ambaliya da fari, albarkar Annabin rahama. Amin.