Yabon Matacce, Ƙin Mai Rai

A birnin Los Angeles na Amurka akwai wani ramin kwalta da ake kira La Brea. Daga cikinsa aka tono ƙasusuwan Smilodon, wani naman daji mai kama da zaki, wanda fiƙoƙinsa biyu suka zaro kamar takubba. Irinsa ya ƙare wajen shekara 10,000 da suka wuce, amma har yau jama'a suna tururuwa su kalli ƙashinsa, yara kuma suna zana hotonsa. Babu mai ƙinsa, gama bai taɓa cin akuyar kowa ba.

Garin Silet yana yamma da Tamanrasset a ƙasar Aljeriya, kusa da duwatsun Ahaggar. A waɗannan duwatsu akwai wata irin damisa mai tsananin gudu, wadda Buzaye suke kira amayas. Masu bincike sun sami hotonta da kyamarar da suka ɗana a shekara ta 2008, aka sāke ganinta a 2020. Tana cikin dabbobin da suke gab da ƙarewa. Barewar da take ci ta ragu, saboda haka wani lokaci takan faɗa wa akuya ko ɗan raƙumi. A wurin makiyayi, ita ɓarauniya ce.

Me ya sa mutum yake ƙaunar mataccen zaki, yana ƙin mai rai? Dalilin a fili yake. Ƙaunar matacce ba ta cin kuɗi. Matacce ba ya roƙo, ba ya ɓarna, ba ya gardama. Haka ake yi wa mutane ma: tsohon da aka ƙi kai wa tuwo yana da rai, shi ake cika da yabo ranar jana'izarsa.

Duk da haka bai kamata a ga laifin makiyayi shi kaɗai ba. Akuyar nan ita ce nonon 'ya'yansa. Mutumin birni da yake so amayas ta rayu, ba shi ne yake kwana da asarar ba. Idan dabbar ta dukan duniya ce, to, asarar ma ta dukan duniya ce, ya kamata a taya makiyayi ɗaukarta.

Sha'awar abin da ya shuɗe ba laifi ba ce. Amma ana gane gaskiyarta ne ta wurin abin da mutum ya yi wa wanda yake numfashi tukuna. Smilodon ba ya bukatar taimakon kowa. Amayas da makiyayin Silet su ne suke bukata.