Wa Ya Biya Kuɗin Arahar?

Duk masana'antar da banki ya ƙwace ya sa a gwanjo, a Bompai take ko Sharaɗa ko Challawa, tambaya biyu take jawowa. Ta farko ni ake yi wa, tunda sana'ata duba injuna da wayoyin wuta ce: nawa za a kashe kafin wurin nan ya tashi? Ta biyu malamai ake kai wa: ya halatta mutum ya sayi abin da mai shi bai yi niyyar rabuwa da shi ba? A ganina amsar ta biyun tana ɓoye cikin ta farkon.

Wurin da ya yi shekaru a garƙame ba ya jiran mai saye yadda aka bar shi. Kwanon rufi ya huje, damina bayan damina ta zuba a kan injuna har sun cije, kuma wanda ya ƙera su ya daɗe da daina yin kayan gyaransu. 'Yan gwangwan sun riga kowa zuwa: sun zare jan ƙarfen kebul, sun tsiyaye man taransifoma, sun kwashe naɗin cikinta, sun bar ƙwarangwal. A Challawa, wajen majemu, ƙasa da kwatami sun sha gishiri da sinadarin jima, ba a wanke wannan da fenti. Sai takardu. Tun dokar filaye ta 1978, mallaka ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna. Harajin fili ya taru, bashin wuta yana nan manne da wurin, mai shi na asali kuma ya ɗaukaka ƙara, shari'ar da kan iya ganin bayan mai saye da mai sayarwa duka. Araha dai ba ta ado.

Fiƙihu bai ga baƙon abu a sayar da dukiyar wanda ya karye ba. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u, mutumin Juhaina, wanda bashi ya yi wa katutu, Sayyidina Umar ya yi shela masu binsa su zo a raba musu abin da ya mallaka. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tilas iri biyu: wanda alƙali ya yi don a biya haƙƙi, cinikinsa ya tabbata; wanda aka yi bisa zalunci, mai kaya yana da ikon karɓar abinsa. Abin da ya fi jan hankalina a Mukhtasar na Halilu shi ne tausayin da ke cikin tsarin. Dabba a gaggauta sayar da ita, amma gida da fili a yi jinkiri kamar wata biyu ana neman farashi mai kyau, a bar wa mutumin abin da zai ci da iyalinsa da suturarsa. Wato ana sayarwa don a sauke masa nauyi, ba don wani ya tsinci dami a kala ba.

To bashin bankin fa, haƙƙi ne ko zalunci? Gauraye ne, nan kuma wuyar take. Suratul Baƙara ta bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kaɗai, ta kuma umarce shi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Mafi yawan masu masana'antun nan ba caca suka yi da kuɗin ba. Tsarin SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, wutar NEPA ta zama sai an gani, aka koma ƙona baƙin mai da dizal, sannan atamfar Sin ta cika Kantin Kwari da farashin da ba masaƙar da za ta iya bi. Kuɗin ruwa kuwa bai taɓa ɗaukar hutu ba. Kafin a kafa AMCON a 2010 don ta saye rubabbun basussukan bankuna, wani bashin ruwansa ya riga ya haɗiye uwar. Gaskiya ne hadisin tsinuwar riba ya ambaci mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu, bai ambaci mai saye a gwanjo ba. Amma rashin shiga tsinuwa ba shi ne samun albarka ba.

Akwai kuma mutanen da ba sa cikin takardar kowa. Na san masu aikin rini da direbobi da masu gadi da aka rufe wa ƙofa da albashin watanni da kuɗin sallama a wuyan kamfani. Banki yana da takardar jingina, shi ne kan gaba. Su ba su da komai sai katin shaidar aiki da ya koɗe. In Alhaji ya sayi wurin da rabin ƙimarsa, wani ɓangare na rabin da bai biya ba guminsu ne. Doka ba za ta tambaye shi ba, na sani.

Shi ya sa idan aka kira ni duba wuri, bayan lissafin kebul da janareta nakan ce, "Alhaji, a nemi mai wurin a ji ta bakinsa, a kuma tambayi abin da ma'aikata ke bi." Wasu su yi dariya, su ce faɗuwar wani tashin wani. Na taɓa ganin wanda ya je har gida, ya ƙara wa tsohon mai wurin wani abu a kan abin da banki ya karɓa, shi kuma ya janye ƙararsa, ya ma nuna inda bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin ƙasa, abin da da sai an fasa daɓen gaba ɗaya kafin a gano. Mai sayen kuma ya dawo da wasu tsofaffin ma'aikata, don su kaɗai suka san halin injunan.

Wanda ba na iya kallo da daɗin rai shi ne mai sayen da bai taɓa nufin tayar da komai ba. Ya yanka injuna ya auna wa 'yan gwangwan a sikeli, ya gyara rufi, ya mayar da wurin sito, ya cika shi da kwantenonin irin kayan da suka kashe masana'antar tun farko. Na kai wa wani malami wannan a zaurensa bayan sallar asuba. Ya ce cinikin bai ɓaci ba, sharuɗɗansa sun cika. Da na ce masa mutanen da ke cin abinci a wurin a da sun koma maigadi ɗaya da kare, sai ya ce wannan ba babin ciniki ba ne, in dawo ranar da ake karanta babin ihsani.