Maganin Da Ke Tona Asiri

Kuturta ba ta ɓoyuwa a fuska. In ta daɗe a jiki, gira takan zube, fata ta yi kauri, karan hanci ya lotsa. A dā allurar wani mai ake yi wa masu ita a wurare irin su Amanawa ta Sakkwato, zafi da yawa, amfani kaɗan. Wajen 1950 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, cewa ƙwayar dapsone tana kashe cutar. A 1962, a can dai, Likita Stanley Browne ya ba da labarin gwajin wata ƙwaya, clofazimine. Da cutar ta fara jure wa dapsone, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa su da rifampicin. Wata shida ko goma sha biyu ake sha, kyauta.

Amma clofazimine tana rina fata, ta yi ja-ja, kana ta yi duhu, tun ba wurin tabo ba.

To, a ce mutumin Bungudu ko Tsafe ya riƙa zuwa Gusau karɓar magani don kada a gane shi a garinsu. Bayan 'yan makonni fuskarsa ta sauya. Aka daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi, masu neman 'yarsa suka ɗauke ƙafa. Sai ya ajiye ƙwayar. Laifin wa?

Lalle yana da nasa, gama jiki amana ne, kuma in cutar ta komo, iyalinsa ne mafi kusa da ita. Amma rabon maƙwabta ya fi girma. Likitoci sun tabbatar wanda ya soma shan magani ba ya sa wa kowa cutar. Ashe alamar da suka guda ita ce shaidar ba abin tsoro gare shi. Wanda ya ɓoye ciwonsa bai sha kome ba, shi ne mai yaɗawa, ga shi kuwa da shi suke cin tuwo.

Malamin asibiti ma ba a wanke shi ba, in ya miƙa ƙwaya bai yi bayani ba. Kamata ya yi tun ranar farko ya zaunar da mutumin da matarsa, ya gaya musu fuska za ta yi duhu, launin kuma zai washe sannu a hankali bayan an gama sha.